Yadda Shanun Sule Suka Dawo Mini da Fiyat Ɗin Mahaifina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincinsa su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Masoya Motocin Italiya ta Batsari da Safana, Alhaji Umar Faruk Zakka. Wakilan iyayenmu hakimai na ƙasashen nan biyu. Malamanmu limamai da suka buɗe mana zama da addu'a. Tsofaffin direbobinmu da suka ci zamanin gyaɗa a kan manyan Fiyat masu jikin katako. Makanikai da masu walda da masu fenti, waɗanda baƙin mai bai taɓa barin farcensu ba. Baƙinmu da suka taso tun daga Katsina da Dutsinma da Funtuwa. 'Yan basfa da suka jera can gindin darbejiya. Iyayena mata da 'yan'uwana na rumfar hagu. Jama'ar Batsari, jama'ar Safana, manya da ƙanana: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Hadiyya Abubakar Siddiƙ. Malamar firamare ce ni da ta ajiye alli bayan shekara talatin da biyar, kuma ni ce mai shuɗiyar motar can da aka ajiye a farkon layi. Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Ina godiya ga shugaba da 'yan kwamitinsa da suka ga dacewar a ba tsohuwa lasifika a taron da akasarinsa maza ne. Ina godiya ga duk wanda ya bar gona ko shago ya zo ya tsaya cikin rana don kallon tsofaffin ƙarafa da sababbi. An ce in yi magana a kan motata. Zan yi, amma ku yi haƙuri da ni, domin ba zan iya ba da labarinta ba sai na haɗa da labarin wani mutum, kuma ba zan iya ba da labarinsa ba sai na tona asirin kaina. Maganata huɗu ce.

Ta farko, ita motar kanta, da yadda ta shigo gidanmu.

Fiyat ce ƙirar 124, ta shekarar 1974. Masana cikinku sun san ta, sun san ƙofofinta huɗu da ƙaramin injinta da ba ya cin mai, sun san birkin faifai a ƙafafunta duka huɗu tun zamanin da motoci masu tsadar da ta ninka tata ba su da shi. Mahaifina, marigayi Malam Abubakar Siddiƙ, direba ne ga wani Bature injiniya ɗan Italiya da ya yi aikin auna hanya a wannan yanki. Mutanen gari ba su iya sunansa ba, sai suka sa masa Mai Taliya. Da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya bar wa mahaifina motar, ya ce ba wanda zai ji kukanta kamarsa.

Ina da shekara ashirin mahaifina ya kai ni filin ƙwallon makaranta a Safana, ya fito, ya zagaya, ya ce in koma mazaunin direba. Wani aminin nasa ya ce masa, "Malam, mace za ka ba sitiyari?" Ya ce, "Motar ba ta tambaye ni ba." Abu ɗaya ya nace mini a kansa, wato kunne. Yakan rufe mini agogon gudu da hularsa, ya ce, "Saurara, Hadiyya. In tana son giya ta uku za ta faɗa miki." Kuma tana faɗa. Da ita na yi ta zirga-zirga duk inda aka tura ni koyarwa, Zakka, Karare, Safana, har na ƙare a Tudun Ƙirya, ƙauyen marigayi maigidana, can bayan Ruma. Ta ɗauki amare, ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki buhunan gero da akwatunan jarrabawa. Ita ta kai mahaifina asibiti tafiyarsa ta ƙarshe. Don haka in kun ji ina kiranta kamar mutum, kada ku ga laifina.

Ta biyu, yadda na bar ta, da abin da na yi bayan na bar ta.

Ba sai na gaya wa mutumin wannan ƙasa abin da ya same mu a shekarar 2019 ba. Kowa a nan yana da nasa labarin, wasu ma nasu ya fi nawa ɗaci nesa ba kusa ba. Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana Tudun Ƙirya, da rana tsaka ne, bayan azahar. Motar tana cikin rumfa, an cire batirinta an kai Batsari caji. Ko da yana jikinta ma ba inda za ni, domin ta hanyar motar suka ɓullo. Na fita da zane ɗaya da takalmin roba, muka bi ta cikin dawa ni da sauran mata, ba mu tsaya ba sai Ruma. Daga can na zo nan Batsari gidan ƙanena, kuma ban sake taka Tudun Ƙirya ba.

A bayan ƙauyen akwai rugar wani makiyayi, Sule, da matarsa Asta. Shekara kusan talatin muna maƙwabtaka. Nonon da Asta ke kawowa na sha, shanun Sule suka kwana a gonarmu suka ba ta taki, 'yarsu Saude ta zauna a ajina har ta gama firamare. Su ba su gudu ba, domin mai garke ba ya gudu da zane ɗaya.

Wata biyar da fitowata wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, sai na ji muryarsa. Ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya tambayi jiki, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Malama, motarki tana nan lafiya lau. In kin sami hali ki aiko a ɗauka." Na ce to, na kashe.

Jama'a, kun san wane lokaci ne wannan. Lokaci ne da ake kiran mutum a waya a ce ya zo ga kayansa, ya tafi, sai dai a ji muryarsa daga daji. Na ba mutanen gida labari, kowa ya ce tarko ne. Amma ba zan ɗora wa kowa ba, domin tun kafin su faɗa zuciyata ta riga ta faɗa. Na ce a raina, me ya sa kowa ya watse shi bai watse ba? Me ya sa aka ƙone rumbunanmu shi ba a taɓa bukkarsa ba? Na manta da nonon, na manta da takin, na manta da Saude da allonta. Abin da na tuna kawai shi ne Bafillace ne, kuma yana zaune a bakin daji.

Ya sake kira bayan damina, ban ɗauka ba. Ya kira da azumi, ban ɗauka ba. Duk bayan wata uku ko huɗu sai in ga sunansa ya hau kan wayar, in zuba mata ido har ta gaji ta yi shiru. A shekara ta uku kiran ya ɗauke ɗif. Da bakina na ce wa ƙanena, "Ka gani ko? Ya ga ba ci, ya haƙura." Allah ya ji ni, kuma yau ina so ku ma ku ji.

Ta uku, ita ce dalilin tsayuwata a nan, wato ranar da ta dawo.

Shekara huɗu cif da fitowata, wata ranar kasuwar Batsari, gab da la'asar, ina tankaɗe a tsakar gida sai ga kiran Ɗanmalam, bakaniken Safana da yawancinku a hannunsa motocinku ke kwana. Ya san motar tun yana koyon aiki. Ya zo kasuwa sayen taya ne kawai. Ya ce, "Hajiya, ki bar duk abin da kike yi ki zo bakin gari hanyar Ruma. Motarki ta zo, kuma in kin yi jinkiri za a kashe mutum a kanta."

Na hau acaɓa ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Tun daga nesa na hango taro. Da na kutsa, ga abin da idona ya gani, kuma ba na jin zan manta shi har in koma ga Allah. Ga bajimai biyu, shanun huɗa, kumfa a bakinsu, an ɗaura musu igiya har zuwa ƙarƙashin motar. Ga motar, ba gilashin gaba, fenti ya koɗe ya koma ruwan toka, tayoyinta an cusa musu ciyawa da tsumma maimakon iska. A kujerar baya ƙore ne da tabarmi da tukunya. A mazaunin direba Asta ce, matar da ba ta taɓa riƙe ko kan keke ba, ta damƙe sitiyari da hannu biyu, ana ta daka mata tsawa ta fito, ta ƙi. Tun fitowar rana suka baro Tudun Ƙirya, shi yana gaba yana jan shanun, ita tana murɗa kan motar, tafiyar da mai babur ke yi kafin shayi ya huce. Shi kuwa Sule yana zaune a ƙasa, an kaɓe masa hula, jini a leɓensa. Mutane sun ga Bafillace ya fito daga wajen daji da shanu da mota, sun yanke cewa duka na sata ne. Abin da ya tsaya tsakaninsa da sanduna shi ne Ɗanmalam, ya ware hannuwa yana cewa, "Na san motar nan! A jira mai ita!"

Wani daga cikin masu tsaron bakin gari ya juyo ya ce, "Malama, motarki ce?" Na ce tawa ce. Ya ce, "Shi fa, kin san shi? Ke kika aike shi?"

Na yi shiru. Ba shiru mai tsawo ba ne, bai fi a ja numfashi uku ba, amma na yi shi, kuma Sule ya ji shi. Shekara huɗu na zargi ba sa fita daga ƙirji lokaci ɗaya. Ina tsaye ina tunanin ko wani sabon salo ne, ko an turo shi ya ga gidan da nake.

Sai ya sa hannu a wuyansa ya ciro wani abu kamar laya. Ya sa haƙori ya tsinke ɗinkin fatar, makulli ya faɗo tafin hannunsa. Makullin mahaifina ne, da ɗan zoben tagullar da ya saƙala masa. Ya miƙo mini daga zaune, ya ce, "Malama, ga amanarki. Ranar da kika fita kin wuce ni a bakin rijiya, kika ce, Sule, ka duba mini motar nan. To, na duba iyakar iyawata. Yanzu mu ma mun taso, ba na iya barinta a baya."

Wallahi, jama'a, ban tuna na faɗi wannan magana ba. Har yau ban tuna ba. Magana ce ta mai gudu, irin wadda baki ke saki ba da sanin mai shi ba. Ni na yar da ita a bakin rijiya, shi ya tsince ta ya rataya a wuya shekara huɗu.

A nan bakina ya buɗe. Na ce na san shi, na san ubansa, na koyar da 'yarsa, maƙwabcina ne, kuma duk wanda zai sake ɗaga masa sanda sai dai ya fara da ni. Cikin masu sandunan akwai waɗanda na koya wa baƙi da wasali, na kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, suka sunkuyar da kai. Ban kawo wannan don in kunyata kowa ba. Wasunsu suna nan, kuma su ne daga baya suka tura motar har ƙofar gida. Tsoron da ya sa su ɗaukar sanda shi ne ya hana ni ɗaukar waya. Ba ni da bakin da zan zarge su.

Sauran labarin ba daga bakin Sule na ji shi ba, don shi ba ya faɗa. Asta ce ta ba ni, bayan kwana biyu, muna zaune ina shafa mata man zafi a kafaɗa. Ta ce washegarin gudunmu ya shiga gidana ya ɗauki makullin a kan ƙusa, suka tura motar zuwa bayan rugarsu, ya jibga mata karan dawa da harawa har ta koma kamar tarin abincin shanu. Duk kaka sai ya sabunta. Ita tana zuba toka a kewaye saboda gara, suka samo kyanwa saboda ɓeraye. A shekara ta uku mutanen daji suka zo ɗibar harawar, suka tarar da abin da ke ƙasa. Mota ba ta da amfani gare su, tunda ba ta tashi kuma hanyoyinsu na babur ne. Mai motar suke so. Suka ce ya kira ni ya ce in zo, ko in aiko ɗana. Ya ce ba shi da lambata. Suka ce ya kawo wayar su duba. Ya ce ta faɗa rijiya. Suka fasa gilashin motar da gindin bindiga, suka yi masa dukan da ya kwana ashirin bai tashi ba, suka kora garkensa gaba ɗaya. Bajiman nan biyu sun tsira ne don a ranar suna aron huɗa a Karare. Wayar kuwa tana cikin ƙoren Asta a lokacin. Da suka tafi, ya sa ta ɗauko, ya ce ta kai rijiyar ta jefa da gaske, kada su dawo su samu.

Wannan shi ne dalilin da kiran ya ɗauke. A watan da nake zaune a Batsari ina cewa ya ga ba ci ya haƙura, shi yana kwance a kan tabarma da karyayyen haƙarƙari saboda ya ƙi sayar da ni.

Ku dube shi, ga shi can a ƙarshen benci na biyu, ya sunkuyar da kai, kuma na san ba zai ji daɗin wannan tonon ba. Malam Sule, na roƙe ka gafara a cikin gida, ka ce ba komai. Amma a bainar jama'a aka zubar maka da jini, a bainar jama'a na yi shirun nan, don haka a bainar jama'a nake sake roƙonka. Ka yafe mini. Na gode maka da motar, na fi gode maka da raina da na 'ya'yana. Asta, na gode. Direbobin da ke nan sun san abin da ake nufi da riƙe sitiyarin motar da ba iska a tayarta, cikin yashi da kwazazzabai, tun safe har la'asar. Ni dai a wurina babu direba a filin nan da ya kai ki.

Ta huɗu, waɗanda suka tashe ta daga kwance.

Motar da aka tura ƙofar gidanmu gawa ce. Inji ya kafe, lagireto ya ruɓe, ɓeraye sun ci wayoyi duk da ƙoƙarin kyanwa, ƙasan ƙofofi ya zama kamar rariya. Mutum uku suka ba ni shawara in sayar wa 'yan gwangwan. Ɗanmalam ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Hajiya, motar da aka sha duka a kanta ba a auna ta a sikeli." Ya ja ta zuwa garejinsa a Safana, ta yi wata goma sha tara a can. Ya jiƙa fistin da mai mako shida kafin ya motsa. Ya kwance kafireta ya baje a kan faranti kamar mai tsintar shinkafa. Abin da ba a samu ba ya ƙera, abin da ba ya ƙeruwa ya kawo kuka gaban wannan ƙungiya.

A nan ne na san amfanin ƙungiyar nan, ni da a da nake ganin taron masu ɓata lokaci ne. Wani tsohon direba a Funtuwa ya tuna mana cewa tsohuwar Lada ta Rasha daga jikin wannan Fiyat aka samo ta, don haka wasu kayan sukan hau, ko da ba duka ba. Aka bazama neman matattun Lada. An samo fitilu a bayan wani gida a Dutsinma, an samo hannun ƙofa a Kano. Gilashin gaba ne ya gagara, wata takwas ana nema. Wanda ya samo shi Injiniya Musaddiq ne, ma'aikaci a nan ƙaramar hukuma, mai jar Alfa Romeo ɗin can ta zamani da matasa suka kewaye. Shi ya yi ta rubuce-rubuce a waya da masu irin wannan sha'awa a ƙasashen waje har aka dace, kuma da gilashin ya iso Kano, shi ya je ya ɗauko, ya naɗe shi cikin katifa, ya taho a hankali kamar mai ɗauke da jariri.

Na san a ƙungiyar nan akwai tsohuwar gardama tsakanin masu tsofaffi da masu sababbi. Masu tsofaffi suna cewa motar yanzu kwamfuta ce mai taya, in ta yi fushi sai an kawo mata na'ura ta yi mata tambayoyi. Masu sababbi suna cewa namu gidan tarihi ne mai hayaƙi. Ni dai Injiniya ya ɗauke ni a tasa daga nan zuwa Safana, na ji yadda take kwanciya a kwana, na ji muryar injinta in ya taka, kuma na gane dangi. Jini ɗaya ne. Jika ce da kakarta, kuma ba don jikar ba da kakar tana nan ba ido. Saboda haka ku ci gaba da gardamarku, tana da daɗin ji, amma ku riƙa yi kuna cin abinci a kwano ɗaya.

Ina godiya ga mai walda da ya yi mata sabon ƙasa. Ina godiya ga mai fenti da ya haɗa kala sau biyar, ina cewa ba ita ba ce, har ya kankare cikin murfin but ya gano asalin shuɗin da rana ba ta taɓa ba. Ina godiya ga matan ƙungiyar malamai 'yan fansho da suka ɗinka rigunan kujeru. Wanda na manta sunansa, Allah bai manta ba.

Kafin in sauka ina da roƙo ɗaya, kuma ba na mota ba ne. Sule da Asta suna zaune yanzu a filin bayan gidanmu, da bajimansu biyu da 'yan awaki. Ba su da Tudun Ƙirya, kamar yadda ni ma ba ni da ita. Amma ni in na shiga kasuwa ana ce mini sannu Malama, shi kuwa in ya shiga sai hira ta tsaya. Asta takan ɗauki nono ta zaga unguwa ta dawo da shi. Ban ce kowa ya saki jiki da kowa ba, ni ma na san inda muke, na san abin da aka yi mana, kuma na san akwai waɗanda suka ci amanar maƙwabtansu da gaske. Abin da nake roƙo shi ne mu riƙa tambayar me mutum ya yi kafin mu tambayi ɗan wane ne. Ni ban yi haka ba, kuma saura kaɗan in ɗauki alhakin da ba zan iya sauke shi ba. Ku amsa sallamarsa. Ku sayi nonon matarsa. In za ku yi huɗa, ga shanu nan da suka ja Fiyat daga bayan Ruma, ba na jin gonar wani za ta gagare su.

Shekaranjiya Ɗanmalam ya kira ni ya ce in zo Safana za a tayar da inji. Na ce Sule ya raka ni. Motar tana kan duwatsu, ba a ɗaura tayoyi ba tukuna. Ɗanmalam ya murɗa makulli, ta yi tari sau biyu, a na uku ta kama. Na tsaya ina hawaye, domin muryar ba ta canja ba. Sule ya matso ya kara kunne, ya daɗe yana saurare, sannan ya juyo ya ce, "Malama, a ciki ma haka ake jin ta?"

Na ce, "Kamar yaya? Ba ka taɓa shiga ba?"

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Shekara huɗu tana bayan bukkarka, ko zama ba ka yi a ciki ba?"

Ya ce, "Cewa kika yi in duba, ba ki ce in shiga ba. Asta ma don dole ne."

Sai na yi lissafi a tsaye. Shekara talatin ina wuce mutumin nan a hanya yana bayan shanunsa, in danna masa ham, ya ɗaga mini sanda, in bar shi da ƙura. Ban taɓa tsayawa na ce ya shigo ba.

Mai girma shugaba, na ga a takardar tsarin taro an rubuta cewa in an gama jawabai motata ce za ta ja zagayen gari, kuma an ware kujerar gaba ga babban baƙo. Ina neman afuwar babban baƙonmu, na san shi mai fahimta ne, ga Alfa Romeo can mai sanyi tana jiransa. Kujerar gaba ta Malam Sule ce. Asta za ta zauna a baya ta huta, yau ni zan tuƙa ta. Za mu fita ta hanyar Ruma, mu juyo daidai inda aka zaunar da shi a ƙasa, mu ratsa tsakiyar kasuwa da gilashi a sauke, a giya ta biyu, don kowa ya gan shi da kyau.

Allah ya saka wa Sule da Asta da mafificin alheri, ya mayar musu da abin da suka rasa, ya ninka. Allah ya sa albarka a hannun Ɗanmalam da duk mai neman halali da sifana da guduma. Allah ya ɗaukaka wannan ƙungiya, ya haɗa kan manyanta da matasanta. Allah ya jiƙan mahaifina da iyayenku, ya jiƙan waɗanda aka kashe mana a gonaki da hanyoyi, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Ruma da Karare da Zakka da kowane lungu na ƙasar nan, har manomi ya kwana a gonarsa, makiyayi ya kwana a rugarsa, ba mai tsoron wani. Allah ya tsare mu da zargin wanda bai ci ba. Baƙinmu da suka zo daga nesa, Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ba faci, ba tsayawa a hanya.

Malam Sule, taso. Ƙofar a buɗe take.

Na gode.